Sau biyu ina sayen fulawa tana mutuwa, ta ina zan fara gyara tsakar gidana?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara guda ke nan da muka tare a sabon gidanmu a nan Kano. Tsakar gidan gaba ɗaya interlok ne, da rana ba mai iya taka shi ba takalmi. Sau biyu ina sayo fulawa a bakin titi, ina jera su a jikin katanga, ina ba su ruwa safe da yamma, amma ba sa kai wata guda sai su ƙone. Burina in yi ɗan wurin furanni da wurin zaman shan iska da yamma. Muna da rijiyar burtsatse, sai dai da bazara ruwanta yana ja baya, har sai mun saya a wajen 'yan garuwa. Ina da yara ƙanana uku. Me zan shuka, kuma ta ina zan fara?" Wata uwargida daga Kano.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya raya yara. Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya a dunƙule: me ya kashe shukokin da kika sayo, yaya za ki tsara wurin furanni da wurin zama a gidan da aka shafe da interlok, sannan wace shuka ce za ta jure zafi da ƙarancin ruwa ba tare da ta cutar da yara ba. Na daɗe ina wannan aiki a gidajen mutane, kuma kusan duk wanda ya kira ni da irin kukanki, tambayarsa ta farko ita ce "me zan shuka?" Ni kuwa ita nake amsawa a ƙarshe. Lambun gida a ƙasar nan da watan Afrilu ake auna shi. A Agusta ko sanda kika kafa sai ta yi tsiro. Duk abin da zan gaya miki a ƙasa, daga nan ya taso.

Abin da ya kashe shukokinki

Kada ki ce ba ki da hannun shuka, kamar yadda mata da yawa suke ce mini. Ki tuna inda kika sayo su. Mai fulawa yana ajiye kayansa a ƙarƙashin inuwar darbejiya ko mangwaro, cunkushe da juna, ƙasar wurin kullum a jiƙe. Shukar da ta taso a haka ganyenta lallausa ne, bai san rana ba. Ke kuma kika ɗauko ta rana ɗaya kika ɗora a kan interlok, a jikin katangar siminti, cikin baƙar leda. A watan Afrilu zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40 a Kano, interlok ɗin da ke cikin rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Rana tana dukanta daga sama, daɓe yana gasa ta daga ƙasa, katanga tana mayar mata da zafi daga gefe, baƙar leda tana dafa saiwa. Ruwan da kike zubawa safe da yamma ba ya ceton saiwar da ta riga ta dahu. Sau da yawa ma ƙarasa ta yake yi, domin saiwar da ta mutu ba ta shan ruwa, sai ta ruɓe a ciki. Idan kika zare irin wannan shuka daga ledarta za ki ga saiwoyin da ke jikin ledar sun yi baƙi, suna tsami, alhali ya kamata su zama farare tas.

Saboda haka duk shukar da kika sayo, ki fara ajiye ta a inda za ta sha hantsi kawai na kwana 10 zuwa 14, kina ɗan ƙara mata rana a hankali, kafin ta je mazauninta. Kuma kada ki sayi mai furanni da yawa don ta fi kyau a ido. Ki zaɓi gajera, mai kauri, mai sabon toho, wadda saiwarta ba ta huda leda ta shiga ƙasa ba. Wadda ta huda, tsinke ta za a yi a ba ki.

Ki fara da lissafin ruwa da kallon rana

Kafin ki sayi ko ƙwaya ɗaya, ki yi lissafin nan. Da bazara, fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 da aka cika da shuka yana shan wajen lita 6 zuwa 8 a kullum. Fangali mai tsawon mita 6 da faɗin santimita 80 zai ci jarka ɗaya da rabi ta lita 25 a rana. Wannan kowane gida zai iya. Amma ciyawar ado mai faɗin mita 5 da tsawon mita 8 za ta nemi jarka 11 ko 12, kusan kurar ɗan garuwa guda kullum ta Allah, daga Maris har ruwa ya sauka. Shi ya sa ba na ba wa mai rijiyar da ke ja baya shawarar shimfiɗa ciyawa. A farkon shigata aikin nan na taɓa yi wa wani bawan Allah ciyawa da wardi a watan Yuli. Da kaka gidan kamar hoto, kowa ya shigo sai ya yaba. Zuwa tsakiyar Afrilu rijiyarsa ta kasa, ciyawar ta koma kamar tsohuwar tabarma, wardin ya bushe. Laifina ne, domin ban tambaye shi halin ruwansa ba, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna kuɗin da ya kashe. Tun daga ranar, tambayata ta farko a kowane gida ita ce jarka nawa za a iya ba wa lambu a ranar da ruwa ya fi tsada. Ke ma ki amsa wa kanki, sai ki yanka girman fangalinki daidai da amsar.

Akwai ruwan da gidanki yake zubarwa kullum wanda zai rage miki saye: na alwala, na wanke shinkafa da kayan miya, da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ki ajiye bokiti a wurin alwala, za ki sha mamakin abin da ke taruwa daga asuba zuwa isha. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada su shiga fangali. Da damina kuma, rufin da ya kai mita 10 sau 10 yana zubo lita 2,000 a ruwan sama ɗaya mai milimita 20, jarka 80 ke nan. Tanki ɗaya a ƙarƙashin indararo, mai murfi saboda sauro da yara, ya fi kowace fulawa da za ki saya amfani.

Sai rana. Ki ɗauki yini guda ki leƙa tsakar gidan sau uku, da hantsi, da azahar, da la'asar, ki lura da inda inuwa take kwanciya. Wurin da ya fi kowane dacewa shi ne gindin katangar yamma, wato wadda take bayanki idan kin fuskanci alƙibla. Nan ne ke samun ranar safe mai taushi, da azahar ta gota kuma katangar ta rufe shi da inuwa. Gindin katangar gabas shi ne mafi wuya, domin ranar la'asar ce ke dukansa kai tsaye, katangar kuma ta riƙe zafin har bayan magariba. Ina kyautata zaton a nan kika jera naki. Gindin katangar kudu yana cikin inuwa kusan duk lokacin hunturu, saboda rana takan karkata kudu a watannin, amma da bazara tana tsakiyar ka, inuwar ta gudu. Mutane da yawa sun shuka mai son inuwa a nan a Disamba, Afrilu ya ƙone ta.

Fangalin kansa

A nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi ha'inci. Ƙarƙashin interlok na sabon gida ba ƙasar noma ba ce. Burji ne da yashi da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti da magina suka binne. Idan aka cire tubalan aka zuba baƙar ƙasa kamu ɗaya a sama, shuka za ta yi kyau wata biyu, ranar da saiwarta ta taɓa abin da ke ƙasa sai ta tsaya cak, ganye ya yi rawaya. A sa lebura ya haƙa zurfin santimita 45 zuwa 50, kusan iya gwiwa, a kwashe duk abin da ya fito a fitar da shi daga gidan. Ki tsaya a kansa da kanki. Idan an gama, a cika ramin da ruwa, ya tsotse, a sake cikawa. In kin wayi gari ruwa na biyu yana nan kwance, to wurin ba ya tsanewa, kuma marka za ta ruɓar da komai a Agusta. Maganinsa a fasa ƙasan da diga, sannan a ɗaga fangalin sama da bulo jeri ɗaya ko biyu, a bar 'yan ƙofofi a gindin bulon don ruwa ya fita.

Haɗin da nake yi shi ne baro biyu na ƙasar gona, baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki, baro ɗaya na tsohon ɓuntun shinkafa. In ƙasar mai danƙo ce nakan ƙara yashi mai tsakuwa-tsakuwa, in jigawa ce nakan ƙara taki. Kalmar "ruɓaɓɓe" ita ce mai muhimmanci. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa da gara. A tara shi a kusurwa, a jiƙa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan mako 6 zuwa 8, idan kika damƙa kika ji ya yi sanyi, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina, ya nuna. Ƙasar bola da ake kawowa a kura da sunan taki ba na karɓarta a gidan da ke da yara, saboda kwalba da reza da tsohon batir da ke cikinta.

Faɗin fangalin da ke jikin katanga kada ya wuce santimita 80, yadda hannunki zai kai ƙarshensa ba sai kin taka ba. Kuma ki bambance katangar gida da bangon ɗaki. Bangon ɗaki ba a jingina masa fangali. Danshi zai hau, fenti ya kumbura ya yi farin gishiri, gara ta sami hanya zuwa ƙofa da silin. A bar aƙalla mita 1 tsakaninsu. Ko a jikin katangar waje ma, a yi wa wurin da ƙasa za ta taɓa filasta a shafa kwalta, ko a gina siririn bulo a tsakani.

Wurin zama

Ki ajiye shi kusa da fangalin yamma, inda inuwar la'asar take. Mita 3 sau 3 ya isa tabarma babba ko kujeru huɗu da ɗan tebur. Daɓen ya ɗan gangara daga ɗaki zuwa rariya, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma kada wani fangali ya tare hanyar da ruwan sama yake bi ya fita. Abin da zai sauya miki tsakar gidan gaba ɗaya shi ne inuwa daga sama. Rumfar kwano tana hana rana amma tana zubo zafi. Rumfar ƙarfe da shuka ta hau kanta ita ce mai sanyi, domin ganye yana fitar da danshi. Inabi yana hawa rumfa sosai a Kano in ana yi masa aski, bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ita ma haka. Kafin su rufe, a shimfiɗa zana ko asabari a sama na shekara guda.

Bishiya ɗaya ta isa ƙaramin gida. Gwaiba, lemon tsami ko rumman, a nisan mita 3 daga gini. Mangwaro da darbejiya suna son mita 7 ko 8 daga harsashi da sokawe, kuma yawancin filayen yanzu ba su da wannan sararin. Ceɗiya da durumi da danginsu kuwa kada su shigo, saiwarsu tana bin bututu tana ɗaga daɓe.

Yanzu sai abin da za a shuka

Na fi son a yi jeri uku, dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, masu rarrafe a gaba, kuma a maimaita iri huɗu ko biyar maimakon a tara iri ashirin kowanne ƙwaya ɗaya. Fangalin da aka maimaita iri a cikinsa ya fi kwanciya a ido, ya kuma fi sauƙin ban ruwa.

A baya, babu kamar lalle. Namu ne, ya san bazara, yana karɓar aski ya zama shinge, furensa yana ƙamshi da dare, ga ganyen kuma kin san amfaninsa. Ban san dalilin da ya sa muke raina shi muna neman na waje ba. Bogenbiliya ita ce sarauniyar katangar gabas, wurin da komai yake ƙonewa. Halinta sai an sani: in kika cika ta da ruwa da taki sai ta yi ta ganye ba fure, in kika ɗan ja mata ruwa da rani sai ta rufe da launi. Tana da ƙaya, don haka a ɗaure ta sama, a aske rassan da ke daidai fuskar yaro. A tsakiya, hibiskus mai manyan furanni da iksora mai ƙananan furanni a dunƙule suna yin kyau a gindin katangar yamma, sai dai sun fi sauran shan ruwa. Iksora ba ta shiri da siminti. In kika ga sabon ganyenta ya yi fari-fari jijiyoyinsa kore, ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa, ki ƙara ruɓaɓɓen taki, kada ki zuba toka. A gaba kuma fotulaka, wadda masu fulawa suke kira ten-oklok saboda da hantsi take buɗewa. Reshe ɗaya za ki tsinka ki soka, mako uku ta shimfiɗu ta rufe ƙasa. Ki saka ɗoɗɗoya da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo kusa da wurin zama, na'ana'a kuma a tukunya ita kaɗai don tana mamaye wuri.

Maganar yara ba ta wasa ba ce. Fulawar da ake kira kariya tana da kyau, ba ta son ruwa, kuma ita kowa zai ce ki saya, amma ƙaronta dafi ne. Haka oliyanda mai dogon siririn ganye, duk jikinta guba ne. Duranta, wadda ake kira yelo-bush ake shinge da ita ko'ina, tana yin 'ya'ya ruwan ɗorawa masu jan hankalin yaro, kuma ba a cin su. Lantana ma haka. Tunda naki ƙanana ne, ki bar waɗannan sai sun yi wayo. In kuma kina kiwon kaji ko akuya, sai an kewaye fangalin da waya tun ranar farko.

Tukwane na ƙasa sun fi na roba da tsohuwar taya, domin suna numfashi suna sanyaya saiwa. Tsohuwar randa da ta tsage ta fi komai, a huda gindinta, a ɗora a kan bulo biyu don kada ta taɓa interlok. A tara su wuri ɗaya su yi wa juna inuwa.

Lokaci da kulawa

Ki yi gini da haƙa da ruɓar da taki a Afrilu da Mayu, ki yi dashe daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli idan ruwa ya zauna, da yamma, bayan an yaga ledar an cire ta gaba ɗaya. Shukar da ta sami damina guda a ƙasa tana shiga rani da saiwa mai zurfi. Dama ta biyu ita ce ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin shuka irin marigol da zinniya, waɗanda za su yi miki fure cikin sanyi. Daga Maris zuwa Mayu ba na dasa komai, ko an matsa mini.

Ban ruwa a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a ƙoshi. Yayyafin sama-sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake. Ki soka yatsa, in kin ji danshi a gaɓa ta biyu ki bari sai gobe. Akwai dabarar da nake yi a gidajen da ruwa ke wahala: a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba har wuya a tsakiyar shukoki, a cika shi, a rufe bakinsa da kasko. Ruwan yana tsatsowa ta jikinsa a hankali, saiwoyi su zo su naɗe shi. Na taɓa tono wani bayan shekara guda, na tarar da fararen saiwoyi sun lulluɓe shi kamar an saƙa masa riga. Cikawa ɗaya takan kai kwana uku zuwa biyar.

A rufe fuskar ƙasa da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen darbejiya, kaurin yatsa biyu, amma kada ya taɓa jikin shuka ko katanga, saboda gara. In gidan mai gara ne sosai, a yi amfani da tsakuwa a wurin da ke da inuwa, a bar fotulaka ta rufe wurin rana. Da hunturu ki riƙa wanke ƙurar ganye sau ɗaya a mako. Takin zamani na NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi shuka babba, a binne shi tazarar tafin hannu daga gindi, sau biyu a damina. In kika ga wani farin abu kamar auduga a ƙarƙashin ganyen hibiskus da tururuwa suna hawa da sauka, ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka. A daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a lita 2 na ruwa su kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako har su ɓace. Aya-aya da ƙiri-ƙiri kuwa a tono su da saiwarsu tun suna ƙanana, yankan sama ƙara musu ƙarfi yake yi.

Ban ga gidanki ba, Hajiya, don haka akwai abin da sai idonki ko na wanda ya je. In kin ga farin ɓawo yana taruwa a bakin tukwane da saman ƙasa, ruwan rijiyarki yana da gishiri, kuma gwaji ne kaɗai zai nuna yawansa. Kafin nan ki riƙa yi wa fangalin ambaliya da ruwan sama lokaci-lokaci don ya wanke. In katangar tana da tsaga, ko ba ki san inda bututun ruwa da wayar wuta da sokawe suka bi ba, a kira maginin da ya yi aikin kafin diga ta taɓa ƙasa. Wannan fanninsa ne, ba nawa ba. A bana ki yi fangali ɗaya tak a gindin katangar yamma, da bishiya ɗaya, da tukwane uku ko huɗu. In sun ga bayan Afrilu mai zuwa da ransu, sai ki aiko mini da awon sauran filin da yawan jarkar da kika riƙa zubawa, mu tsara na katangar gabas da rumfar.